HTML tukuna, ko kai tsaye WordPress?

Sanusi: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena ya gama lise yana zaune gida nan Tawa, ya ce yana son ya koyi haɗa shafin intanet da kansa. Wani ya ce masa koyon HTML, wato yaren da ake rubuta shafi da shi, ɓata lokaci ne a zamanin nan, ya faɗa WordPress kawai. Ni ban san kan abin ba. Wa ke da gaskiya?

Ibro: Wa alaikumus salam Yaya Sanusi. Wanda ya gaya masa haka ya yi masa gata. WordPress, wato manhajar haɗa shafi ba tare da rubuta HTML da hannu ba, tun 2003 yake aiki, yau sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa aka gina su. Ka zaɓi fasalin da ya yi maka, ka zuba hotuna, ka rubuta farashi, shi ke nan. Mai ɗinkin takalmin fata ba zai tambaye ka da me ka gina ba, shi dai abokin cinikinsa na Yamai ya ga kaya a waya.

Malam Haruna: Ibro, a ina yaron zai girka shi? Ko dai ya biya kuɗin masaukin shafi da kuɗin suna kowace shekara, galibi da katin banki, ko kuma ya girka XAMPP, manhajar da ke maida kwamfuta masaukin shafi, ya tada PHP da MySQL da WordPress ke aiki da su, shi da bai taɓa rubuta layi ɗaya ba. HTML kuwa ya buɗe Bloc-notes, ya rubuta kan magana da sakin layi guda, ya ajiye da suna index.html, ya danna sau biyu, Chrome ya buɗe masa abin da hannunsa ya yi. Ba rezo, ba forfe, ko dala ba zai kashe ba. A garin da kuran ke tafiya ya dawo lokacin zafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ibro: Allah gafarta Malam, ai akwai na kyauta a wordpress.com.

Malam Haruna: Akwai, da sunansu manne a adireshinka, da tallarsu a shafinka, kuma ba a barin ka ka sa plugin, wato ƙaramar manhajar da ke ƙara wa shafi aiki. Je ka kai wa ɗan kasuwa wannan ka ce ya biya ka.

Hajiya Rabi: Ƴaƴana, ku yi mini afuwa in tsoma baki. Ni turaren wuta da atamfa nake saidawa, kuma duk cinikina a status na WhatsApp yake. Wa ke neman shafin nan da kuke ta gardama a kai?

Ibro: Hajiya, naku cinikin na waɗanda ke da lambarku ne, kuma status awa 24 yake yi ya ɓace. Dillalin albasar Galmi da ke son mai saye daga Abijan ko Akara ya same shi ta Google, shi ne mai bukata. Haka makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyi.

Zali: Ina bayan Malam, amma ba don kuɗi kaɗai ba. Shafi sai ya lalace, a nan ake gane wanda ya iya. Kwanan baya wani ya kawo mini shafin da ya haɗa wa mai shago da WordPress: a kwamfuta lafiya lau, a waya hoto ya fi allo faɗi ya danne farashi. Ya canza fasali har ya gaji. Na danna F12 da ke nuna abin da ke ƙarƙashin shafi, na duba hoton, na sa masa max-width 100% a CSS, yaren da ke tsara kamannin shafi, layi ɗaya tal, hoto ya koma mazauninsa. Sannan hotunan duk yadda waya ta ɗauke su ya ɗora, kowane ya kai mega huɗu ko biyar, mai rezo mai rauni sai ya gaji da jira ya fita. Wanda ya fara da HTML da CSS ya san hoto fayil ne mai nauyi, ba ado ba ne da ake mannawa.

Ibro: To ai kin gyara masa, ya karɓi kuɗinsa. Shi yana ci, mai HTML yana can yana haddar tag, alamomin da ake rubuta shi da su.

Zali: Ya karɓa, ya raba da ni. Kuma ba haddar kome. Darussan OpenClassrooms da Faransanci suke, MDN na Mozilla ma akwai fassararsa. Ya yi shafin gwaji na shagon unguwarsu, ya ɗora kyauta a GitHub Pages. Can ne zai ga hoton da ya sa wa suna Albasa.JPG ya ƙi fitowa don ya kira shi albasa.jpg da ƙananan haruffa, alhali a Windows yana fitowa. Daga nan in ya shiga WordPress ba abin da zai tsorata shi.

Sanusi: Na gode ƙwarai. Sai dai yaron ba shi da kwamfuta, wayar Android ce gare shi.

Zali: Ya sauke Acode, ana rubuta HTML da shi a waya kuma a ga sakamako nan take. Yatsa zai sha wuya wajen neman alamomi, amma ana farawa.

Ibro: Farawa dai. Ba wanda zai kai wa abokin ciniki aiki da babban yatsa. Ni har yanzu ina kan bakata: ya fara da abin da zai kawo masa jika biyar ta farko, CSS ya biyo baya in bukata ta taso.

Malam Haruna: Sanusi, akwai tsohuwar kwamfuta gare ni, batirinta ya mutu, sai a jone take aiki. Turo shi ranar Asabar bayan la'asar ya ɗauka. Ibro, kai ma ka zo ka nuna masa naka, shi ya zaɓa.

Ibro: Zan zo Malam, da XAMPP ɗina a kile.