An sallame ni ba sanarwa, wa zan kai ƙara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Unguwar Rimi nake, nan Kaduna. Wata 8 ina yi wa wani babban kamfanin fasaha na Amurka aikin tantance rubutun Hausa daga gida, ta hannun wani ɗan kwangila a Legas. Yarjejeniyar shekara ɗaya muka sa wa hannu.

Ranar Litinin na kunna kwamfuta, na tarar an rufe asusuna. Sai imel mai layi biyu, wai aikina bai gamsar ba. Wallahi ko gargaɗi ba a taɓa yi mini ba, ga kuɗin wata biyu sun riƙe.

Kamfanin ya ce bai san da ni ba, ɗan kwangilar kuma ya daina ɗaga waya. Shin Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Kaduna tana sauraren irin wannan? Kuma wanne zan maka a cikinsu? Don Allah a taimaka.