Malamai biyu, hannu ɗaya: wa zan bi a koyon jitar bas?

Salamu alaikum 'yan uwa makaɗa. Ina koyon jitar bas mai tsirkiya huɗu a wurin malamai biyu, kuma yanzu kaina ya ɗaure.

Na farko dattijo ne, da kunne yake koyarwa. Zai kaɗa, ya ce in saurari gangar ƙafa in bi ta, rubutu kuwa babu ruwansa da shi. Na biyu a situdiyo yake aiki, komai sai da takarda da na'urar ƙidayar bugu. Wannan bambancin bai dame ni ba, don kowanne yana ƙara ni.

Hannun hagu ne matsalar. Na situdiyo ya ce kowane yatsa da gaɓarsa a wuyan jita (gaɓa ita ce rabe-raben wuyan jita inda ake danna tsirkiya), yatsu huɗu gaɓa huɗu. Dattijon ya ce a gaɓoɓin farko, inda tazara ta fi faɗi, yatsu uku za a sa: manuni, na tsakiya da ɗan ƙarami. Idan na kama sautin F, wato gaɓa ta farko a tsirkiyar E mafi kauri, na miƙa ƙaramin yatsa zuwa gaɓa ta huɗu, sai wuyan hannuna ya yi tsami, tsirkiya ta riƙa ƙirrr. Idan na bi dattijon zafin ya tafi, amma washegari a gyara mini a situdiyo.

Kuma ban faɗa wa dattijon ina zuwa wani wuri ba, kunyarsa nake ji.

Don Allah, ana iya riƙe salon biyu tare tun yanzu, ko in tsaya kan ɗaya sai hannu ya faɗa? Kuma ta yaya zan sanar da shi ba tare da ya ga raini ba?