Salsa da wanda ban sani ba: ku yaya kuke yi?

'Yar Jos, Surulere:

Salamu alaikum, barkanmu da warhaka. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna rawar salsa a nan Legas ce. Ni da ƙawata da muke haya tare muka shiga ajin koyo bayan tashi daga aiki. Da yake maza sun yi ƙaranci a ajin, sai ita ta ɗauki ɓangaren mai ja, wato mai jagorantar rawar, ni ina bi. Mun saba ƙwarai, har a falo mukan ture kujeru gefe mu maimaita, kuma da ita ba na ɓata taku.

Malaminmu ya ce lokaci ya yi mu fara zuwa soshiyal, wato daren rawa da kowa ke iya rawa da kowa, muka je wani a Victoria Island. Wani ya miƙo hannu na tashi, amma ƙafata da tasa suka ƙi haɗuwa, ina yin baya shi ma yana yin baya. Wani kuma ya matse min yatsu yana ta juya ni har jiri ya kama ni. Na ƙarshen mutumin kirki ne, sai dai jikina ya riga ya sandare.

Me ya sa abin da na iya da ƙawata yake guduwa in baƙo ne? Kuma yaya ake cewa a'a ba tare da an wulaƙanta mutum ba? Yadda aka tashe mu, da nauyi ka bar hannun mutum a miƙe. Kiɗan nan ina sonsa har raina, ba na so tsoro ya raba ni da shi.

Maman Biyu, Ikeja:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kwantar da hankalinki. Ni da maigidana mun daɗe a harkar nan, kuma duk mai bi ta ratsa ta inda kike.

Na farkon nan da kuka yi ta yin baya tare, ina kyautata zaton salonku ne ya bambanta. Salsa bugu 8 ce: taku a 1, 2, 3, a ɗan dakata a 4, sai 5, 6, 7, a dakata a 8. A salon Los Anjeles, wanda da alama shi aka koya muku, a 1 da 5 ake sauya alkibla, mace kuma baya take fara yi. A salon New York, wanda malamin rawa Eddie Torres ya yaɗa, a 2 da 6 ake sauyawa, kuma namiji ne ke fara yin baya. Kin ga dole ku rabu a tsakiyar fili. Akwai kuma na Kuba, wanda zagaya juna ake yi maimakon bin layi ɗaya. Ba abin kunya ba ne kafin ku fara ki tambaye shi a ɗaya yake rawa ko a biyu. Mai hankali zai sauko zuwa wanda kika iya.

Amma babban abin shi ne ke da ƙawarki haddace juna kuka yi. Kin san bayan wannan juyin wancan ne zai biyo, don haka kina tafiya tun kafin hannunta ya gaya miki. Baƙo bai san haddarku ba. Da shi sai kin jira. Ki riƙe takunki na asali, ƙanana, a ƙarƙashin jikinki, kar ki yi juyi sai hannu ya ɗaga ya nuna miki hanya. Gwiwar hannunki ta zauna a gabanki, kar ki sake ta lakwaf, kar kuma ki ƙame. Kamar riƙon ƙwai ne, ba matsewa, ba saki.

Wanda ya matse miki yatsu kuwa shi ne bai iya ba. Kina da damar ce masa ya sassauta, ko ki ce juyi ɗaya-ɗaya kike so. In bai ji ba, ki ce na gode ki koma mazauninki ko waƙa ba ta ƙare ba. Cewa a'a tun farko ma haka: murmushi, "na gode, ba yanzu ba", shi ke nan, ba sai kin kawo dalili ba. Abu ɗaya da ake kiyayewa, in kin ce hutawa kike yi, kar ki tashi da wani a wannan waƙar.

Ɗan Agege:

'Yar'uwa, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, don ƙauna nake faɗa. Ban san addininki ba. Idan musulma ce ke, kin san matsayin mafi yawan malamai a kan riƙe hannun namijin da ba muharraminki ba, balle ya ɗora hannu a bayanki. Wannan nauyin da kika ji wataƙila kunya ce, kuma ni ba na ganin kunya abin a yi maganinta ce. Ki tuna da waya ma. A irin wuraren nan ana ɗaukar bidiyo, gobe ki gan ki a Instagram, jibi wani kawu a Jos ya gani. Tunda ƙawarki ta iya ja, me zai hana ku tara mata 'yan'uwanku ku riƙa yi a tsakaninku?

Bazazzage, Lekki:

Malam Ɗan Agege, maganar bidiyo gaskiya ce, kuma tana da damar gaya wa mai kyamara kar ya ɗauke ta. Ɗayan kuwa ita ta san inda ta tsaya, ba zan sa baki ba.

'Yar'uwa, bari in ba ki labarin ɗaya ɓangaren. Mu masu ja ma gabanmu na faɗuwa. Ka ratsa fili ka miƙa wa mace hannu a gaban jama'a, ba ka san ko shekara goma ta yi tana rawa ba ko jiya ta fara. Shi ya sa ni a farkon waƙa takun asali kawai nake yi, sai in wuce da ita daga wannan gefe zuwa wancan, sannan juyi ɗaya na dama. Daga nan na san nauyin hannunta da inda zan tsaya. Duk wanda ya fara da juyi uku a jere, 'yan kallo yake yi wa rawa. Ki zauna waƙa ɗaya ko biyu ki lura da fuskokin matan da ke fili. Wadda ke murmushi da gaske, ki lura da wanda ke ja mata.

Ki riƙa zuwa da wuri kuma. Yawanci akan yi ɗan aji kafin soshiyal, ana musayar abokan rawa, to kafin a rage fitila kin riga kin san hannu biyar ko shida. Idan kika samu inda ake ruweda ki shiga. A Habana, babban birnin Kuba, aka fara ta wajen shekarun 1950: da'ira ake yi, mutum ɗaya na kiran taku, ana canza abokin rawa a kai a kai, babu mai riƙe ki ya daɗe.

Sannan ki ba kunnenki aiki. Ki saurari sandunan katakon nan biyu, kilabe, bugu uku sannan biyu ko biyu sannan uku, da gangar konga. Ni kiɗan bai taɓa yi min baƙunta ba, don tushensa na Kuba ne, inda aka kai Yarabawa da mutanen Kwango bauta, ba a kuma soke bautar ba sai 1886, kuma har yau ana kaɗa gangar bata ta Yarabawa a can. Wasu ma sun dawo nan Legas, unguwar Campos a cikin Eko tana da tarihin waɗanda suka dawo daga Barazil da Kuba. Kamfanin faifan waƙa na Fania da Johnny Pacheco da Jerry Masucci suka kafa a New York a 1964 shi ya yaɗa kiɗan da sunan salsa, kuma a 1974 mawaƙansa da mawaƙiya 'yar Kuba Celia Cruz suka yi wasa a Kinshasa. Ki nemi tsofaffin waƙoƙin nan ki riƙa ƙirga 1 zuwa 8 a cikin gosulo. In ke da baƙo kuna jin 1 a wuri ɗaya, kun gama rabin aikin.

'Yar Jos, Surulere:

Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Anti, maganar hadda ta shige ni, don haka abin yake. Yaya Ɗan Agege, ban ji haushi ba, ni ma abin yana raina, har na ce wa ƙawata ta fara koya min ja don in iya rawa da mata. Saura tambaya ɗaya, Anti. Can cikin dare kiɗa ya canza, na ga mutane sun manne da juna. Shi ma salsa ne?

Maman Biyu, Ikeja:

A'a ƙanwata. Ko dai bachata ce ta Jamhuriyar Dominika, ko kizomba ta Angola, masu saka kiɗa sukan gauraya su a dare ɗaya. Kizomba kusan ƙirji da ƙirji ake yi, kuma amincewa da salsa ba amincewa da ita ba ce. Ni ba na yin ta da kowa sai maigidana, in an sako ta shi ba ya kusa sai in je shan ruwa. A salsa ma ke ce mai tazara: hannunki na hagu da ke kan kafaɗarsa, in kika ɗan tokare shi, mutum ba zai iya matsowa ba.

Koyon ja shawara ce mai kyau, mata da yawa suna yi, kuma zai gyara miki bin ma. Ki nemi takalmi mai santsin tafi, don roba tana kama ƙasa ta murɗe gwiwa a juyi. Ki tafi da ƙaramin tawul, zafin Legas ba ya raga wa kowa. Ku shirya motar komawa Surulere tun kafin ku fita, ku je tare ku dawo tare, kuma lambar waya ba dole ba ce don an yi rawa waƙa ɗaya.