Hasken da Murjanin Zoantid Yake Buƙata: Abin da Kowa Ya Gani a Tankinsa

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon murjani. Na sayo guntayen zoantid, wato wata halittar teku mai rai dangin murjani da ke fitar da ƙananan kawuna kamar furanni, waɗanda na tarar a buɗe a shago, launinsu kore da ruwan lemo yana ƙyalli, amma tun da na ɗora su a ƙololuwar dutse ƙarƙashin fitilar LED, sai kawunan suka tsuke suka ƙi buɗewa, wasu ma har sun fara koɗewa. Ma'aunin gishirin ruwan yana nuna 1.025, zafinsa digiri 25 ne, kuma na haska da tocila da daddare ban ga wani ƙwaro yana cin su ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Dattijo mai tsohon tanki: Wa alaikumus salam, Malam. Ina kyautata zaton haske ne ya yi musu yawa farat ɗaya. Zoantid yana samun yawancin abincinsa daga wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ke zaune a cikin naman jikinsa, ana ce musu zuzantela, kuma yawansu yana daidaita ne da hasken wurin da murjanin ya saba. Idan haske ya ninka ba zato, sai su riƙa fitar da sinadaran da ke cutar da mai masaukinsu, shi kuma ya kore su, abin da muke gani ke nan a matsayin koɗewa. Lokacin da na bar dogayen kwararan T5 na koma LED, tankin ya yi mini duhu a ido har na yi niyyar ƙure fitilar, amma da na ari na'urar auna PAR, wato ma'aunin yawan hasken da tsirrai da zuzantela ke iya amfani da shi, na nutsa ta cikin ruwa, sai na tarar hasken ya zarce na da nesa ba kusa ba. Dalilin shi ne idon ɗan Adam ya fi kama haske mai launin kore-kore, mai tsawon zango wajen nanomita 555, alhali shuɗin da ke wajen 450 yana ganinsa dishi-dishi, kuma wannan shuɗin ne zuzantela suka fi amfani da shi. Masu kiwo da dama suna ajiye zoantid tsakanin PAR 50 zuwa 150. Ka sauko da su kan yashi tukuna.

Mai tankin falo: Baba ya yi gaskiya, sai dai ni akasin haka ya same ni, kuma ya kamata Malam ya san alamarsa don kada ya zarce da sauke su. Nawa suna ƙarƙashin inuwar wani dutse ne, ba su taɓa rufewa ba, amma wuyansu ya yi ta tsawo suna miƙewa sama kamar dawar da ta tsiro a gindin bishiya, jan da ke tsakiyarsu kuma ya rine ya koma ruwan ƙasa. Sababbin kawuna ma sun daina fitowa. Da na riƙa matso da su fili kaɗan-kaɗan, wuyan ya gajarce, suka shimfiɗu a kan dutsen, launin kuma ya dawo, ko da yake launin ya fi wuyan nasu jinkirin gyaruwa.

Mai tanki marar murfi: Hajiya, da ke da Baba ku yi mini afuwa, ban yarda cewa zoantid murjanin inuwa ne ba. A tekun Karibiyan, nau'in Zoanthus sociatus yana rufe duwatsun da ke cikin ruwa marar zurfi inda rana ke dukansu yini guda, haka ma dangin Palythoa da dama. Ina da wani gungu da ke zaune a saman dutse daf da fitila, a hasken da ya wuce adadin da Baba ya ambata, kuma shi ne ya fi kowane yaɗuwa a tankina. Bambancin kawai shi ne a hankali ya hau can. Abu na biyu da na lura da shi ya shafi abincin da ke narke cikin ruwa: akwai lokacin da naitaret da fosfet suka sauka har ma'auni ya daina nuna komai, sai wannan gungun ya fara yin fari alhali ko taɓa fitilar ban yi ba. Da na ƙara wa kifaye abinci na rage tacewa, ya murmure. Saboda haka, Malam, ka auna waɗannan biyun kafin ka ɗora wa fitila laifin duka.

Dattijo mai tsohon tanki: Ban musa ba, ɗana. Adadin da na bayar wurin farawa ne ga guntun da ba a san inda ya taso ba, kuma nau'o'in sun sha bamban ƙwarai.

Mai ƙaramin tanki: Akwai hanyoyin da haske ke ƙaruwa ba tare da mutum ya sani ba. Na zuba sabon gawayin tace ruwa mai yawa a ruwan da ya ɗan yi rawaya, a rana ɗaya kuma na goge busasshen gishirin da ya daskare a jikin murfin gilashi, washegari ruwan ya yi garau, zoantid ɗin da ke sama kuwa duk suka tsuke. Haka yake faruwa ga masu T5 idan suka sauya dukkan kwararan a lokaci guda bayan sun kusa shekara suna aiki. Wanda fitilarsa ba ta da wurin rage ƙarfi, ya shimfiɗa ragar sauro ninki uku ko huɗu a saman tankin, ya riƙa cire ninki ɗaya duk bayan 'yan kwanaki. Ni sa'o'i 8 zuwa 10 nake kunna tawa da agogon kashe-kunna, domin ƙara tsawon lokaci shi ma ƙarin haske ne.

Ma'aikaciyar jinya: Tunda kowa yana ba da shawarar a ɗaga a sauke, dole in ja kunne. Wasu daga cikin waɗannan halittu, musamman Palythoa, suna ɗauke da guba mai suna palitoksin, wadda aka fara warewa daga irinsu a Hawai a 1971, kuma ba a gane mai ita da ido. Malam, ka sa safar hannu da tabarau duk lokacin da za ka taɓa su, kada ka kankare dutsen a waje da ruwa, kada kuma ka kuskura ka zuba masa tafasasshen ruwa, domin tururin ya sha kai mutanen gida guda asibiti.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Na mayar da su kan yashi, na rage fitilar zuwa rabin ƙarfinta, kuma yawancin kawunan sun soma buɗewa da rana, sai dai waɗanda suka fi koɗewa har yanzu a rufe suke. Fosfet ya fito sifili kamar yadda mai tanki marar murfi ya yi hasashe, don haka na cire rabin gawayin tace ruwa da ke tankina na kuma ƙara wa kifayen abinci. Baba, wace alama kake jira ka gani a jikinsu kafin ka fara ɗaga su zuwa tsakiyar dutse?