Shawarwarin iyaye masu aiki a birni kan lokaci da ƙuri'a

Da iyaye masu aiki a birni suka tattauna, an fi daɗewa kan batun shirin yara da safe. Shawarar da ta rinjaya ita ce a haɗa jakar makaranta da kayan sawa tun da dare, domin jinkirin minti 15 a gida kan ninku sau da dama idan cunkoson motoci ya kankama. A kuma gabatar wa makaranta mutum 2 da za su iya ɗauko yaro ranar da aiki ya riƙe iyaye. Mutum ɗaya bai isa ba, ciwo ko tafiya na iya hana shi.

Game da siyasa kuwa, a auna ɗan takara da abin da zai yi kan kuɗin haya, sufuri da asibitin yara. Kada a raina zaɓen ƙaramar hukuma, don shara da magudanar ruwan unguwa galibi a hannunta suke.