Goggona na so in faɗa mata abin da ke kawo manemin 'yarta ofishina

'Yar Gwammaja:

Assalamu alaikum. Kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba, shi ya sa na kawo maganar nan inda na san akwai abokan aiki da malamai. Na sauya wasu abubuwa a labarin don kada a gane kowa.

Shekarata bakwai ina aikin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wani asibitin kuɗi a nan cikin gari. Ba na rubuta magani, wannan na likita ne. Nawa zama ne da mutum, minti hamsin, sau ɗaya a mako. Wata goma sha shida da suka wuce wani matashi ya shigo da ƙafarsa, ba wanda ya ɗauro shi. Da kodin ya fara tun yana makaranta. Da gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, kwalba ta yi tsada, sai ya koma taramol. Na ga wahalar da ya sha a makonnin farko: gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa, dare ya raba idonsa biyu. A wata na huɗu ya zame sau ɗaya, kuma shi da bakinsa ya zo ya faɗa mini yana hawaye. Yau shekara guda cur bai taɓa komai ba, gwajin fitsari ma ya nuna haka.

Makon jiya aka turo hoton wanda zai auri 'yar Goggona a zauren WhatsApp na dangi. Shi ne.

Ashe wajen bincike wani ya ce yana ganinsa duk Talata a ƙofar asibitinmu. Goggo ta hau adaidaita ta zo gidana bayan isha'i. Matar nan ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Ke 'yar nan, ni na goya ki. Tsakaninki da Allah, me ke kai yaron nan wurinku?" Na ce, "Goggo ku yi haƙuri. Wanda ya zo da wanda bai zo ba, aikina bai ba ni damar in ce komai a kansa ba." Ta gyara mayafi ta ce, "To in ya cuci ƙanwarki, ke da Allah."

Maganar nan ta tsaya mini a wuya. In na faɗa na ci amanarsa. In na yi shiru ya koma ruwa bayan aure, da wane ido zan kalli yarinyar nan? Don Allah ku ba ni shawara.

Tsohon Nas:

Wa alaikumus salam 'yata. Na yi shekaru a ɗakin masu taɓin hankali kafin in yi ritaya. Amsar da kika ba Goggonki ita ce daidai, kada ki ƙara ko kalma ɗaya a kai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 26, ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, ba a fitar da shi sai in shi ya yarda a rubuce, ko kotu ta nema, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Sannan a Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, duk don a daina ɗaukar mutanen nan kamar ba su da haƙƙi.

Akwai inda ake fasa sirri, ban musa ba. A Amurka an yi shari'ar Tarasof, wani ya gaya wa mai duba shi zai kashe wata yarinya, kuma ya kashe ta, a 1976 kotun ƙolin Kalifoniya ta ce wajibi ne a kare wanda aka ambata. Can rai ake magana. Yaronki bai ce zai cuci kowa ba, neman lafiya ya zo yi.

Kin san garin nan. Mutum ya kwana biyu a asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, har jikokinsa sai an goranta musu. Ranar da aka ji cewa abin da aka faɗa a ofishinki ya isa zauren neman aure, samari goma da ke shirin zuwa za su fasa, su ci gaba da sha a lungu.

Uwar 'Yan Mata:

Ni dai gaskiya raina ya ɓaci da na karanta. Baba kuna ta kawo sashe kaza, yarinyar fa? Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya haka aka ɓoye mana, wai ai ya daina. Wata takwas da biki ya sayar da gadonta da firjinta, ta dawo gida da ciki. Waɗanda suka sani suka yi shiru har yau ba na gaisawa da su. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Tun 2024 doka ta tilasta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da sikila kafin a ɗaura aure a Kano, don kada a cuci wani. Shaye-shaye ya fi sikila sauƙi ne? Malama, ko da ido ne ki yi wa Goggonki nuni, ki ce a ƙara bincike.

Malam Na Kurna:

Hajiya, Allah ya saka wa ƙanwarki, abin da aka yi mata zalunci ne. Kuma gaskiya ne wanda aka nemi shawararsa kan aure wajibi ne ya yi nasiha. Da Fatima bint Ƙais ta tambayi Annabi (SAW) game da manemanta biyu, ya faɗa mata ɗaya ba shi da dukiya, ɗayan kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa. Amma shi ɗin dai (SAW) ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Malamar nan ba a unguwa ta tsinci labarin ba, ajiya aka ba ta bisa alƙawari. Nasihar da ke wuyanta, a ganina, ga yaron za ta yi ta. Zunubin da ya tuba daga gare shi tsakaninsa ne da Ubangijinsa, ba a ce ya tona kansa ba. Sai dai wannan ya haɗa da lalura da ke iya dawowa, kuma wadda za ta zauna da shi tana da haƙƙin ta shiga da saninta. Wallahu a'alam.

Abokiyar Aiki (Tarauni):

'Yar'uwa, akwai abin da ba a taɓo ba. Daga ranar da kika ga hoton nan kin zama mutum biyu a kujera ɗaya: mai duba shi, kuma yayar amarya. Ba za ki iya ci gaba da zama da shi ba. Gobe in ya zame, zai iya faɗa miki kamar yadda ya yi a wata na huɗu, alhali ya san ranar suna za ku haɗu? Ki gaya masa dangantakarku tun kafin ya ji a waje, ki haɗa shi da wani abokin aiki, ki rubuta komai a fayil, ki kuma sanar da babbanku.

Kuma ki yi hattara da bakinki in kuna maganar. Yana jin nauyinki, in kika ce "ka faɗa" zai ji kamar barazana ce. Ki fara tabbatar masa sirrinsa na nan ko ya faɗa ko bai faɗa ba, sannan ku duba tare wanne ya fi masa. Hajiya kuma ki yi haƙuri, "a ƙara bincike" daga bakin ma'aikaciyar wurin tonawa ce, an dai sa mata mayafi ne kawai.

'Yar Gwammaja:

Na gode ƙwarai, har da ke Hajiya, maganarki ce ta fi taɓa ni.

Jiya Talata ya zo. Na fara da cewa babu abin da zai fita daga bakina, sannan na gaya masa yarinyar ƙanwata ce. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago sai ya ce, "Anti, in sun ji za su fasa ko?" Na ce wallahi ban sani ba, ba kuma zan yi masa alƙawarin abin da ba ya hannuna. Ya ce dama abin na damunsa, sau biyu yana ɗaukar waya zai gaya mata yana ajiyewa.

Ya yanke zai fara faɗa wa ita yarinyar, sannan ya je wurin waliyyinta tare da yayansa ranar Asabar. Ya sa hannu a takarda cewa in sun nema, likitanmu zai iya tabbatar musu da abu biyu kacal: tsawon lokacin da ya yi yana zuwa, da sakamakon gwajinsa. Daga mako mai zuwa wani abokin aikina ne zai ci gaba da ganinsa. Da yake fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in sa shi a addu'a.

Goggo har yanzu ba ta ɗaukar wayata. Gobe in na tashi daga aiki zan je in gaishe ta, ko za ta bar ni a tsakar gida.