"Na san ta tsane ni": ta ina ake kama wannan zancen?

Ɗaliba_Gwale:
Assalamu alaikum malamai. Ina koyon aikin ba da shawara. A ce mace ta zo ta ce uwar mijinta ta tsane ta, hujjarta kuwa ta gaishe ta a gidan suna ta amsa a daƙile, tun daga ranar ta ɗauke ƙafa. Ya ake taɓa wannan ba tare da ta ga ana ƙaryata ta ba?

Baba_Fagge:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ce mata "ba haka ba ne", kada kuma ki ja mata "zato zunubi", sai ki ƙara mata nauyin laifi a kan damuwa. Hanyar da likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya shimfiɗa a Amurka a shekarun 1960 tambaya ce. Ku ɗauki takarda ku raba abu uku: abin da ido ya gani ("ta ce lafiya, ta juya"), fassarar da zuciya ta yi ("ta tsane ni"), da abin da ta ji. Ta auna ɓacin ran daga 0 zuwa 100. Sannan ki tambaye ta: su wa ke wurin? Hajiya rabon abinci take a lokacin? Haka ta amsa wa sauran surukai? Da ƙawarki ce ta kawo miki wannan labarin, me za ki ce mata? Amsar ta fito daga bakinta. In ta sake aunawa 80 ya sauko 55, an ci riba.

Anti_Tarauni:
Takarda kaɗai ba ta isa. Ɗauke ƙafar ce ke ciyar da zaton: ta daina zuwa, dangin miji su ce girman kai, su ja baya, ita kuma ta ce "kun gani ko?" Ku shirya gwaji ƙarami. Ranar Juma'a ta je gaisuwa ta minti goma, ta rubuta tun kafin ta fita me take tsammanin zai faru. Sharaɗi: ban da sunkuyar da kai a waya da maƙalewa a bakin ƙofa, don su ke sa a ga kamar fushi take. Risinawa da kunyar suruka kuwa ladabi ne, kada ki ɗauke su a matsayin cuta.

Baba_Fagge:
Haka ne Anti. Amma a fara tantancewa: in akwai duka ko zagi ko hana abinci, ba fassara ce ta karkace ba, tsaron lafiyarta ne a gaba. In kuma ta daina barci da cin abinci, ko tana jin muryoyi, ko tana zancen mutuwa, a tura ta sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a ranar.